Filtar Man Da Aka Ɓoye A Lungun Mota

 Zancenmu na yau na masu mota ne, musamman irin waɗanda in Asabar ta zo suke tuɓe babbar riga su rataye, su ɗaga bonet a ƙofar gida, su ce yau kam ba za a ci kuɗina a gareji ba. Abin da za mu taɓa kuwa ɗan gwangwani ne da bai fi dunƙulen hannu ba, wato filtar mai, wadda ke tace fetur kafin ya isa inji. Sayenta ba wuya. Isa gare ta shi ne aikin.

Dattawan direbobi da suka yi zamani da Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, za su yi mamakin a ce wannan ma abin zama a yi sharhi ne. A irin waɗancan motoci masu kafireta, filtar 'yar roba ce garai-garai, rataye a tiyo, kana ganin dattin da ke cikinta da idonka. Ka sassauta maɗauri biyu, ka zare, ka cusa sabuwa, kafin shayinka ya huce ka gama. Matsin man da ke bi ta cikinta bai taka kara ya karya ba, bai wuce 3 zuwa 7 ba a ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya.

Da motoci suka koma injekta sai labari ya canza. Famfon mai ya zama na lantarki, ya koma cikin tanki, yana tura fetur da matsin da ya kai 40 zuwa 60 a wancan ma'auni. Ku tuna tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 take buƙata. Kenan man da ke cikin bututun motarka ya fi iskar tayarka matsi, kuma ko ka kashe mota matsin yana nan a ɗaure na tsawon lokaci. Saboda haka filta ta zama gwangwanin ƙarfe mai noti, aka nisanta ta daga zafin salansa, aka tura ta lungun da ko an yi karo ba za ta fashe ba. Daga baya, da dokokin hana tururin mai fita suka tsananta a Amurka da Turai, kamfanoni da yawa suka jefa ta cikin tankin gaba ɗaya, suka haɗe ta da famfo, wasu ma suka ce ba sai an canza ta ba har motar ta tsufa.

Ni dai a ganina wannan lissafi na masu tsabtataccen mai ne. Wanda ya zana motar bai taɓa tsayawa gaban ɗan bumburutu ba, ana juyo masa mai daga jarkar da ta sha ƙurar hunturu, ta mazurarin da aka ɗaure wa tsumma a baki. Bai san man kwalba na bakin titin Maraɗi ko Damagaram ba. Bai san tsohon tankin ƙarƙashin ƙasa na wasu gidajen mai ba, wanda tsatsa ta ci, ruwan damina kuma ke samun hanyar shiga. Ga shi yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, sun riga sun ci rabin rayuwarsu a wata ƙasa kafin su iso mu, da filtar da aka fito da su da ita daga kamfani.

Sai dai kada a ɗora wa filta abin da ba aikinta ba. Kun tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam, har hukumomi suka amsa cewa haka ne, layukan mai suka dawo? Irin wannan gurɓata ba ruwan filta da ita, wucewa take salin-alin, domin takardar da ke cikin gwangwanin ƙwayoyin datti take kamawa: tsatsa, rairayi, ɓurɓushin fenti da na roba. Ramukanta sun kai ƙanƙantar maikuron 10 ko kusa da haka, alhali kaurin gashin kan mutum yana kai wa 70. Ruwa ma filtar fetur ba ta raba shi da mai.

Wani abin kuma ya ƙaru tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai. Yanzu mutane da yawa fitilar rizab ce abokiyar tafiyarsu, a zuba na yau, gobe Allah ya kai mu. Famfon da ke cikin tanki kuwa man ne ke sanyaya shi. To a haɗa masa biyu, ga tanki kusan wayam, ga toshasshiyar filta da yake ta kokawar tura mai ta cikinta. Shi ya sa za ka ji mutum ya canza famfo, bayan 'yan watanni ya sake canzawa, yana ta tsine wa mai shagon sifiya, alhali tsohuwar filtar tana nan ba wanda ya taɓa ta.

Alamar toshewarta sananniya ce. Mota tana silo lafiya lau a tsaye, tana yawo cikin gari ba matsala, amma da ka hau babban titi ka taka totur za ka wuce tirela, ko ka fuskanci hawa da lodi, sai ta shaƙe, ta riƙa fizga, ka sassauta ƙafa ta dawo daidai. Wani lokaci ka ji famfon yana kuka daga wajen kujerar baya. Amma fulogi da ya gaji, ko kwayil mai rauni, ko salansar da ta toshe, duk suna iya yin irin wannan. In akwai bakaniken da ke da gejin auna matsin mai, a fara aunawa. Ya fi a yi ta sayen kaya ana canke.

To, an tabbatar filta ce. Tana ina? Wuri uku ne. Ko dai cikin ɗakin inji, can ƙasa a jikin bangon da ya raba inji da direba. Ko ƙarƙashin mota kusa da tanki, kamar a Golf 3 da Fijo 406. Ko kuma cikin tankin, kamar Corolla ta 2003 zuwa sama da Accord ɗin da ake kira EOD. Ka san wannan kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, kada a sayar maka da gwangwanin da motarka ba ta da wurin sa shi.

Bari mu zauna a kan na farkon, don shi ne ya fi yaudarar mutane. Ana hango filtar da ido, sai mutum ya ɗauka aikin minti goma ne. Ɗauki Camry ta ƙarshen shekarun 1990, wadda ake wa laƙabi da fensir, ko Accord ta 1994 zuwa 1997 da ake kira buldog. Dukansu filtar tana ɓangaren direba, ƙasa da kwalbar man birki, inda hannu ke shiga amma sifana ba ta samun wurin juyawa. A samanta akwai kusa mai rami a ciki wadda man ke bi, da washa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wannan mai sauƙi ce. A ƙasanta kuma akwai notin da ya riƙe bututun ƙarfen da ya taho tun daga tanki. Wannan noti shi ne dukan aikin. Ƙarfensa mai laushi ne, ya fi shekara ashirin ba a taɓa shi ba, in motar daga ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ta fito kuwa, ya riga ya manne da tsatsa.

Kafin a je gare shi, a fara da wurin aikin. Gidajenmu ba garejin Bature ba ne. Motar tana tsakar gida ko bakin zaure, taku kaɗan ga murhu, ga kurfoti da garwashi, ga kaskon turaren wuta, ga janareto yana ruri. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, kuma ba ya buƙatar zafin rana kafin ya kama, ko a sanyin da ya kai 40 ƙasa da sifiri yana tashi. Yana iya bin daɓe ya tarar da garwashin da ke can gefe, wutar ta biyo shi ta dawo inda kake kwance. Don haka a fitar da mota fili inda iska ke kaɗawa, a gaya wa uwargida yau girki sai an gama, a kore yara, mai shan taba ya yi nisa. Inji ya kwana ya huce. Abin kashe gobarar nan da muke ajiyewa a but saboda 'yan Road Safety, a fito da shi a duba allurarsa, a ajiye kusa da hannu, da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake. Haske kuma fitilar hannu ta zamani, ba ƙwan lantarki mai zafi da aka jawo da waya ba, balle ashana.

Sai a sauke matsin. A nemo fiyus ko rile na famfon mai a akwatin fiyus, yawanci an zana taswirarsu a bayan murfin. A cire, a tayar da mota, a bar ta har ta mutu da kanta, a ƙara murza makulli na 'yan daƙiƙu. A buɗe murfin tanki iska ta fita. Sannan a cire kan batir na nagatif, a kawar da shi gefe, domin sifana ɗaya da ta zame ta taɓa waya mai wuta ta isa ta ba da tartsatsi. Duk da haka mai zai zubo, don gwangwanin cike yake, saboda haka a tanadi tsumma da ɗan kwano, a sa tabarau. Fetur a ido ba abin da za ka so wa maƙiyinka ba ne.

Yanzu ga shawarar da na fi so ku riƙe. Kada ka fara da kusar sama don ita ce mai sauƙi. Kada kuma ka kwance maɗaurin da ya riƙe filtar a jikin mota. Ka fara da notin ƙasa, mai wuyar, tun komai yana ɗaure. Dalili biyu ne. Na ɗaya, maɗaurin yana riƙe maka gwangwanin kada ya juya. Na biyu, in notin ya ƙi, motarka tana nan lafiyarta ƙalau, ka mayar da fiyus da kan batir ka tuƙa ta da ƙafarta zuwa gareji. Wanda ya wargaza sama tukuna, ya lalata tsofaffin washa, sannan ya tarar ƙasa ta ƙi, shi ne ke neman janwe da yammacin Asabar.

Tun daren jajibiri a fesa wa notin man sassauta tsatsa irin su WD-40, a ƙara da safe. Na san bakanikenmu da yawa man birki suke ɗigawa, amma yana cin fenti, ga shi wurin cike da wayoyi da robobi. A buɗe hanya: a cire akwatin filtar iska da babban tiyonsa, wuri zai samu fiye da yadda ake zato. In har yanzu hannu bai kai ba, a cire tayar gaba ta ɓangaren direba a shiga ta nan, ko ta ƙasa.

Sifanar kuma ba kowace ba. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa cikin shida na noti, da ka danna da ƙarfi sai ta zame ta cinye kusurwoyin, noti ya zama mulmulalle. Akwai sifanar bututu, irin wadda ake kwance bututun birki da ita: kamar mai zobe take, amma an tsaga bakinta kaɗan yadda bututu zai shige, ta rungume notin kusan ko'ina. A waɗannan motoci lamba 14 ce. Sai sifana ta biyu da za ta riƙe gindin filtar. Ka jera su biyun kusa da juna yadda za ka matse su da tafin hannu ɗaya, ko ka riƙe ɗaya ka ba ɗayar bugu guda mai kaifi. Bugun yakan karya tsatsa inda jan hankali-hankali ke cinye noti. Idonka kuma yana kan bututun. In ka ga yana juyawa tare da notin, tsaya. Murɗewa zai yi ya tsage, kuma wannan bututu ba guntu ba ne, ya bi ƙarƙashin mota har baya. In ka ji sifana ta fara zamewa, nan ma tsaya. Filaya mai kulle takan fitar da notin, gaskiya ne, amma takan bar shi a tauye, kuma shi ɗin ne dai za ka mayar. Wuta kuwa, wadda mai walda ke gasa noti da ita ya saki, ko a mafarki kada a kawo ta nan.

Tun da an ambaci shiga ƙasa, jak ba ya riƙe ran mutum. Na ɗaga mota ne a canza taya. Bulon siminti ma, wanda muke gani ana jerawa a garejoji, rugujewa yake farat ɗaya ba gargaɗi. A samu ƙafafun ƙarfe na tokare mota, in babu a sa kututturen katako mai ƙwari, a kan ƙasa mai tauri ba yashi ba. A ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi, tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin mota ta zama kariya ta biyu. Kuma a samu wani babba a kusa, ko da miƙo sifana ne aikinsa.

In Allah ya taimaka notin ya saki, sauran sauƙi ne, amma nan ma akwai inda ake faɗawa rami. Filta tana da gaba da baya, akwai kibiya ko rubutu a jikinta, kibiyar inji take kallo. Wajen ɗaurawa a fara kama notin ƙasan da yatsu, tun maɗaurin yana sako-sako yadda gwangwanin zai iya karkata ya daidaita da bututu. Ya shiga zagaye uku ko huɗu da hannu kafin sifana ta taɓa shi. In tun zagayen farko yana cijewa, a karkace ya hau, a warware a sake. Washa biyun sama kuwa sababbi ake sawa. Na tagulla ne ko alminiyam, aikinsu su lotse sau ɗaya su toshe kafa, wanda ya riga ya lotse ba ya sake yi. Filtar kirki da washarta take zuwa a kwali, in babu a ciki ka tambaya tun a shago.

Ta ƙarƙashin mota ba ta da wannan fitina sosai. Da yawansu 'yan maƙalai ne na roba da ake dannawa a zare tiyo. Zafinmu ya riga ya busar da su, a wanke ƙasar da ta cushe a ciki tukuna, a tura tiyon ciki kaɗan kafin a danna a ja. Sukudireba da ƙarfin tuwo karya su suke.

Ta cikin tanki kuma, in motar tana da ƙofa a ƙarƙashin kujerar baya kamar Corolla, mai haƙuri zai iya. A yi lokacin da mai ya yi ƙasa, a buɗe ƙofofin mota duka, a share ƙurar da ke kan murfin sarai kafin a ɗaga shi, in ba haka ba dattin da kake yaƙi da shi kai ne za ka zuba shi da hannunka. A lura da sandar da ke auna mai kada ta lanƙwashe, geji ya koma yi maka ƙarya. A canza 'yar ragar da ke bakin famfo, da robar da ke toshe murfin. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda wasu yaran gareji ke gwada famfo da tsirarun wayoyi a kan batir, taku ɗaya daga buɗaɗɗen tanki. In ka ga haka a kan motarka, malam, ka yi magana, ba rashin kunya ba ne. Motar da ba ta da wannan ƙofa, sai an sauke tanki gaba ɗaya, a kai ta inda akwai rami.

Masu dizal, irin su Hilux, naku daban ne: filtarku tana raba ruwa, tana da magudana a ƙasa da ɗan famfon hannu a sama da ake dannawa a fitar da iska bayan canji. Bututan ƙarfen da ke zuwa kan nozul kuwa kada a kusance su, matsinsu a sababbin injuna ya wuce dubu ashirin a ma'aunin mai faci, yana huda fata.

Akwai ɗabi'u uku da nake roƙon a bari. Wanke tsohuwar filta a busa ta da baki a mayar: dattin ya riga ya nutse a takarda, busawar ma takan yaga ta. Cire ta gaba ɗaya a haɗa bututu kai tsaye, wai mota ta samu wuta: za ta samu, na ɗan lokaci, sannan dattin ya tare a nozul, waɗanda kuɗinsu ya ninka na filta sau da yawa. Mafi muni, a ɗauko 'yar robar kafireta a sa wa mota mai injekta, da tiyon da ba na matsi ba. Wannan fashewa take, ta yi feshin fetur a kan inji mai zafi. Jabun filta ma suna nan a kasuwa, kwali mai kyau, ciki ba abin kirki. Ka ɗaga ka ji nauyinta, ka duba tiredinta ko a tsabtace yake, in kana girgizawa kana jin wani abu na kaɗawa a ciki ka ajiye musu kayansu.

An gama ɗauri, a mayar da fiyus da kan batir. A Honda, in ka murza makulli fitilu suka kawo ba tare da ka tayar ba, za ka ji famfon ya yi kuka na kamar daƙiƙa biyu, a yi haka sau uku ko huɗu gwangwanin ya cika. Yawancin Toyota na wancan zamani famfonsu ba ya tashi sai inji na juyawa, don haka kada gabanka ya faɗi in ta ɗan daɗe kafin ta kama. Tana kamawa, a bar ta a silo, a goge mahaɗan biyu da busasshiyar takarda, a duba, a shinshina. Ko danshi aka gani a kashe a gyara, ba a cewa zai toshe da kansa. A zaga unguwa a dawo a sake dubawa, washegari ma haka. Rigar da ta sha mai a cire ta a shanya a waje kafin a doshi madafa.

Tsohuwar filtar kuma kada a wurgar da ita tukuna, kada kuma a sa mata zarto, tartsatsi ne. A juye man cikinta ta bakin da yake shiga, a cikin farar kwalba, a bar shi ya kwanta. In baƙin gari ne kaɗan, tsufa ne kawai, ta yi aikinta. In jan gari ne mai yawa, tankinka ne ke tsatsa, sabuwar ma ba za ta daɗe ba sai an sauke shi an wanke. In kuwa ka ga ruwa ya kwanta a gindin kwalbar, man yana bisa, to ka sake tunani a kan inda kake shan mai. Abin da ke kwalbar kada a tuttular a kwata, a rufe a kai gareji, suna wanke kayan inji da shi.